Auta, tramol, da dokar da na haddace a Yamai

Assalamu alaikum. Ni ƴar Damagaram ce, a Birni aka yanke mini cibi, kuma a garin nan nake aiki har yau. Karatun shari'a na yi a Yamai, na dawo gida ina taimaka wa mutanen da shari'a ta faɗo wa alhali ba su da ƙarfin ɗaukar lauya. Labarin da zan bayar na cikin gidanmu ne, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin in sa alƙalami. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Auta muke ce masa a gida, haka zan ce masa a nan. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Yaya, rubuta. In dai zai hana wani ya sha abin da na sha, kada ki rage komai."

Shekarar da na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ita ce shekarar da Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Inna ƙosai take soyawa a ƙofar gida, ribar ba ta wuce cefane. Kuɗin tallafin ɗalibai yakan zo, amma ba a kan kari ba, ga abinci, ga kuɗin kwafin takardu, ga mota tsakanin Damagaram da Yamai. Auta a lokacin yana kwaleji, kansa kuwa yana ja. Shi da kansa ya ajiye littafi, ya karɓi babur a hannun wani mutumin unguwa ya shiga kabu-kabu. Sharaɗinsu shi ne kowane dare ya kai wa mai babur kuɗin da aka yanka, ko an samu ko ba a samu ba. Abin da ya yi saura shi ne na mai, na gida, da wanda zai tura mini. Daga sallar asuba yana tsakanin Kasuwar Dole da tasha, ya kai wannan Zango, ya ɗauko wancan daga Karakara, rana na dukansa, ƙura na shiga masa ido, har sai gari ya yi tsit. Bai kai shekara ashirin ba, amma da dare sai Inna ta gasa masa baya da ruwan zafi kafin ya iya kwanciya.

A wajen mai shayi aka fara ba shi. Wani abokin aikinsa ya ɓare ƙwaya ɗaya ya jefa masa a kofi, ya ce maganin gajiya ne. Gajiyar kuwa ta tafi. Ranar ya yi aiki har tsakar dare bai ji komai ba, ya samu fiye da yadda ya saba. Ku lura, Auta ba don nishaɗi ya fara ba, don ya ƙara awoyin aiki ne, kuma wani kaso na kuɗin waɗannan awoyi ni ya tura wa.

Tramol, wato tramadol, magani ne na gaske. Wani kamfanin Jamus ne ya fitar da shi kasuwa a 1977 domin ciwo mai tsanani, irin na wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya rubuta wa mutum fiye da 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tebur da bakin titi kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225, har mai 250. Mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, a sauke shi a tashoshin jiragen ruwa na ƙasashen bakin teku, sannan ya hauro mana ta mota. Ƙwaya biyu kacal ta mai 225 ta riga ta zarce iyakar yini. Aikinsa a jiki irin na dangin mofin ne, wato maganin ciwo mai ƙarfi da ke sa jaraba, shi ya sa jiki ke sabawa da shi. Abin da ɗaya ta yi maka bara, bana sai biyu, gaba sai huɗu. Daga nan mutum ba don ya ji daɗi yake sha ba, don ya iya tashi daga shimfiɗa ne.

Ni a lokacin ina can ina haddar doka. A shekara ta biyu aka koya mana ginshiƙan laifi: sai akwai nassin da ya hana, sai an aikata, sai da niyya. Dokar hukunta laifuka ta 1961 da gyaran da aka yi mata a 2003 mun bi ta shafi-shafi. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuwa, mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999, sai a ƙarshen shekara ta zo mana, ana gaggawar rufe manhaja. An nuna mana yadda ta kasa abubuwa jadawali-jadawali, masu babban haɗari, masu haɗari, da sinadaran da ake sarrafa su da su. An jero mana laifukan, nomawa, sarrafawa, shigowa da fitarwa, safara, sayarwa, riƙewa, sha, kowanne da ɗaurinsa da tararsa. Muka rubuta, muka haddace, muka zuba a takardar jarrabawa. Ba wanda ya faɗa mana abin da ke samun jikin mutumin da ya saba da ƙwaya in aka raba shi da ita dare ɗaya. Likita bai taɓa taka ajinmu ba. Ba ina zargin malamanmu ba ne, su ma haka aka koyar da su, kuma littattafan da muke dogaro da su na Faransa ne, misalansu na can ne. Ɗan kabu-kabu da katin tramol a aljihu ba ya cikinsu.

Hutun da na zo gida na tarar da shi ya rame, idanu sun faɗa, ba ya taɓa tuwo sai shayi, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Wata la'asar muna tsakar gida, Inna tana tankaɗe, ya shigo zai jingine babur, sai kawai ya sandare ya faɗi. Jiki na karkarwa, haƙora sun datse, kumfa a baki, ya ciji harshe har jini ya ɓata masa riga. Inna ta yar da rariya tana salati. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gida, wannan na cewa iska ce, wancan na cewa sammu aka yi masa don an ga yana samu. Aka kira malam ya yi tofi, aka ba shi rubutu ya sha. Addu'a ba abin rainawa ba ce, mun yi kuma muna kan yi. Amma da faɗuwar ta sake zuwa, muka kai shi ɗakin shan magani na unguwa. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya dube shi da kyau, ya sa kowa ya fita ban da ni, ya ce, "Samari, nawa kake sha a rana?" Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Kati." Kati ɗaya ƙwaya goma ce.

Majon nan, Allah Ya saka masa da alheri, shi ne malamina na farko a wannan fanni. Ya ce tramol in ya yi yawa a jiki yana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma masu haɗa shi da diyazefam, wani maganin barci, suna iya yin barcin da numfashi zai tsaya a cikinsa. Ya ja mini kunne cewa kada mu kulle shi a ɗaki mu ce ya daina yau, sai dai a rage a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Kawu kuwa shawararsa ita ce a kai shi gidan mari a tsallaken iyaka a ɗaure har ya dawo hayyacinsa. Inna ta ce yaron da ya ciyar da ita ba za a sa masa sarƙa da saninta ba. Da aka zo 2019, ƴan sandan Najeriya suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura, duniya ta ga mutane cikin mari da tabon bulala, Kawu da ƙafarsa ya zo ya ce wa Inna, "Yaya, ke ce da gaskiya."

Ba mu kai ga ganin likitan da majo ya tura mu wajensa ba aka kama Auta. Samame aka kai fadarsu da dare, inda suke zaman shayi bayan aiki. Tun ƙarshen 2013 hukumomin Nijar sun sa tramadol a jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido, riƙe shi ba takardar likita ya zama laifi. An sami kati uku a aljihunsa.

Washegari na kai masa abinci komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Bazara ce, zafin Damagaram da kowa ya sani, amma Auta rawar sanyi yake yi. Tsigar jikinsa a tashe, hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye na zuba tare, ya naɗe hannuwa a ciki saboda murɗa da gudawa. Bai ko kalli kwanon ba. Ya ce, "Yaya, ƙasusuwana ake sara. Ki roƙe su su ba ni ko rabi ne." Na tambaye shi ko an yi masa tambayoyi, ya ce an yi da daddare, har ya sa hannu. Na ce me ka faɗa musu? Ya ce, "Gaskiya na faɗa. Na ce mukan haɗa kuɗi da abokaina, ni nake zuwa in sayo mana." Nan cikina ya ɗuri ruwa. A idon doka, wanda ya sayo ya miƙa wa wani ya fita daga sahun mai sha kawai, ya shiga wani laifin dabam mai nauyi fiye da na farko, ko da ko dala bai ci riba ba. Shi kuwa abin da ke gabansa a daren shi ne a gama tambayar a ƙyale shi ya kwanta a ƙasa.

A makaranta an koya mana cewa furucin da aka karɓa ta duka ko barazana ba abin dogaro ba ne. Dokarmu ma ta ce wanda za a miƙa wa mai gabatar da ƙara a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a gallaza masa ba. Auta ba wanda ya taɓa shi, takardarsa ta fito lafiya lau, don tabon duka ake nema. Amma mutumin da ƙwaya ta sake shi yana cikin azabar da za ta sa ya sa hannu a kan kowace takarda aka miƙo masa, kuma wannan hali yakan fi tsanani ne a kwana na biyu da na uku, daidai lokacin da yake tsare ana ɗaukar bayaninsa. Haka batun yawan abin da aka kama. Kati uku, ga wanda bai san sabo ba, kayan sayarwa ne. Ga mai shan kati a yini, guzurin kwana uku ne. Duk wanda zai bambance mai sha da dillali dole ya san wannan lissafi, kuma ba a littafin doka yake ba.

Shari'ar irin ta gaggawa ce da ake yi wa wanda aka kama da abu a hannu. Samari ne jere a benci, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya, alƙali na magana da Faransanci, tafinta na juyawa. Lauya babu. Akwai hukumar agajin shari'a da aka kafa a 2011 kuma tana iya ƙoƙarinta, amma lauyoyin ƙasar nan kusan dukansu a Yamai suke zaune, ni kuwa ɗaliba ce, wurina bencin ƴan kallo. Alƙalin mutum ne mai natsuwa. Ya tambayi Auta ko yana cin riba, ya ce a'a, ya tambayi abokan suka tabbatar. Sannan ya ce, "Za ka daina?" Auta yana tsaye gumi na tsiyaya, ya ce, "Zan daina, ranka ya daɗe." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san ƙanena. Sai dai abin ya riga ya wuce alkawarin baki. Aka yanke masa watanni a gidan kaso da tara.

A daren na ɗauko dokar 1999 na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, ba wuraren da aka ja mana layi kaɗai ba. A ciki na tarar da abin da ba a taɓa tsayawa a kansa a aji ba: idan wanda ake tuhuma mai fama da jarabar ƙwaya ne, kotu tana da ikon tura shi magani, a madadin hukuncin ko tare da shi. Ashe ƙofar tana nan tun 1999. Na ɗauki takardar na je wajen wani dattijo a unguwarmu, tsohon alƙali da ya yi ritaya, na ce, "Baba, me ya sa ba a aiki da wannan?" Ya gyara tabarau ya karanta, ya ce, "Ƴata, na san da ita. To in na ce a kai shi magani, ina za a kai shi? Wa zai biya? Wa zai kawo mini rahoto cewa yana zuwa? Kuma a duk shekarun da na yi a kan kujera, ba na tuna wanda ya tashi ya roƙe ni wannan." Sai na ga tanadin nan kamar famfunan unguwarmu ne da bazara, an kafa kai, an ja bututu, amma in ka murɗa iska ce ke fitowa. Maganarsa ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Rashin wurin magani matsala ce ta kuɗi da gwamnati. Rashin mai roƙo kuwa daga aji ya samo asali, domin abin da ba a koya maka ba, ba za ka tashi a gaban kotu ka nema ba.

Zaman kaso ba zan tsawaita a kansa ba, shi ma ba ya son tunawa. Makon farko ya yi shi cikin amai da rashin barci a ɗaki mai cunkoso. Ya fito da sanin dillalan da a da ko sunansu bai taɓa ji ba. Akwai wani yaro da suka shaƙu a ciki, aka sake shi kafin Auta. Bai yi wata a waje ba ya sha adadin da ya saba sha a da, ya haɗa da diyazefam, ya kwanta bai tashi ba. Daga baya likita ya bayyana mini dalili: watannin da mutum ya yi bai sha ba, jurewar jikinsa ta sauka, abin da yake ɗauka a da yanzu ya isa ya kashe shi. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa makonnin farko bayan fita daga kurkuku su ne mafi haɗari ga irin waɗannan mutane. Alƙalin da ya ɗaure yaron nan, da gardin da ya buɗe masa ƙofa, da iyayensa da suka yi murnar dawowarsa, ba wanda aka taɓa gaya wa haka.

Auta ma ya koma sha bayan ya fito. Wannan karon muka je wajen likitan ƙwaƙwalwa, duk da surutun mutane cewa mun kai shi wajen mahaukata. Likitan ya tsara masa ragewa mataki-mataki, ya ce maganin kada ya zauna a hannunsa. Inna ce ta zama mai ajiya. A haɓar zaninta take ƙulle ƙwayoyin, ta kwance bayan asuba ta ba shi nasa, ta tsaya sai ya haɗiye, ta sake ƙullewa. Akwai daren da ya durƙusa a gabanta yana kuka yana roƙon ƙari, ita ma tana kuka, ta ce, "Auta, ka yafe mini, ba zan kwance ba." Ya sake zamewa bayan an yi nisa, muka koma. Likitan bai yi masa faɗa ba, ya ce komawa tana cikin halin wannan ciwo, abin da ake nema shi ne a dawo da wuri. Babur kuwa dole ya rabu da shi, don muddin yana wannan aikin yana tare da ciwon bayan da abokan da suka kai shi ga ƙwayar. Wani dattijon baduku a Birni ya karɓe shi yana koya masa aikin fata.

Da na koma karatun mastar na ce a kan wannan zan yi bincikena. Malami na farko da na tunkara ya ce wannan ba shari'a ba ce, in kai wa likitoci. Na biyu ya karɓa, Allah Ya ja kwanansa. A nan na gano cewa manyan yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya guda uku a kan ƙwayoyi, ta 1961, ta 1971 da ta 1988, waɗanda Nijar ke cikinsu duka, su kansu sun yarda a ba mai sha magani, ilimi da gyaran hali a madadin hukunci. Mu kuwa an gabatar mana da su a matsayin tushen tsanantawa kawai. Na kuma gano cewa tramadol ba ya cikin jerin ƙwayoyin da aka kulle a matakin duniya. Ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya sun sake duba shi a 2018 ba su ba da shawarar a kulle shi ba, kuma cikin abin da aka yi la'akari da shi har da cewa a ƙasashe irin namu sau da yawa shi ne kaɗai maganin ciwo mai ƙarfi da talaka ke iya samu. Wannan ma darasi ne ga mai rubuta doka: in ka matse da yawa, mai ciwon daji a ƙauye ne zai kwana yana ihu. A shekarar ce kuma Indiya ta sa shi ƙarƙashin dokarta ta ƙwayoyi.

Maƙwabtanmu ba su zauna ba. A 2013 marigayi Kofi Annan ya kafa kwamitin Afirka ta Yamma a kan ƙwayoyi, Olusegun Obasanjo na shugabanta. Rahotonsu na 2014 ya ce a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, a juya ƙarfin hukuma kan manyan masu safara, sannan a 2018 suka fitar da samfurin doka a Dakar don ƙasashe su duba. A ƙarshen 2014 Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu jarabar ƙwaya a asibitin Fann. Gana a 2020 ta sauya dokarta, wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara ce a kansa a maimakon ɗauri. Waɗannan ba Turawa ba ne balle a ce al'adarsu dabam. Ɗalibin shari'a a Nijar ya cancanci a ajiye masa waɗannan dokoki kusa da tamu ya gwada, ya yarda ko ya ƙi da hujja.

Kada wani ya ɗauka sassauci nake nema wa masu wannan kasuwanci. A watan Maris 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da safarar miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na daskararren wiwi a Yamai. A Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis a motar wani magajin gari a jihar Agadas. Masu irin wannan kaya, da masu shigo da tramol katan-katan suna rabawa a tebura, dominsu aka yi ɗauri mai tsawo, kuma ina goyon bayan a yi musu shi. Ni na ga abin da hajarsu ta yi wa gidanmu. Abin da ke ci mini rai shi ne bencin kotu ya cika da ƴan kabu-kabu, ƴan garuwa da leburori masu kati ɗaya ko biyu, a ɗaure su, su fito sun fi da lalacewa, a sake kamo su.

Ta fuskar addini ma ba ni da shakka, duk abin da ke sa maye haramun ne. Amma limamin masallacinmu, da Inna ta kai masa kuka, ya tuna mata da hadisin da ke cikin Bukhari, na mutumin da aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya yi masa mugun baki, sai Annabi ya hana, ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Limamin ya riƙa aiko yaro ya kira Auta sallar magariba, ya zaunar da shi kusa da shi, a lokacin da rabin unguwa ba ta amsa sallamarsa.

Yanzu ban da aikin taimakon shari'a, ina ba da wasu awoyi na darasin dokar laifuka a wata makaranta mai zaman kanta. In muka zo kan dokar 1999 ba na farawa da jadawali. Majon nan nake gayyatowa, ya yi ritaya amma ba ya ƙin zuwa, ya tsaya gaban allo ya bayyana musu da Hausa yadda sabo ke kama jiki, da alamomin wanda ƙwaya ta sake shi, da dalilin da ya sa wanda ya fito kaso yake cikin haɗari. Sannan in raba musu takardar bayanin wani da ake tuhuma, wadda na cire sunaye, in ce su gaya mini mai sha ne ko dillali, kuma me za su roƙi kotu. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, "Malama, in aka tausaya wa ƴan ƙwaya ai gari zai lalace." Na ce masa ya je fadar unguwarsu ya ƙirga waɗanda aka taɓa ɗaurewa a kan ƙwaya, ya dawo ya faɗa mini nawa ne ɗaurin ya raba su da ita. Mako na gaba ya same ni bayan darasi, ya ce yayansa na cikinsu, an ɗaure shi har ya fito kuma yana kan sha, yana so ya san inda ake ganin likitan. A kowane aji akwai irinsa, masu ɗauke da abin a gida suna jin kunyar faɗa.

Waɗannan yara su ne gobe za su zama alƙalai, masu gabatar da ƙara, kwamishinonin ƴan sanda da magatakardan kotu. Roƙona ga masu tsara manhaja a jami'o'inmu da makarantar horar da alƙalai shi ne a ba wannan fanni lokacinsa na kansa, likitan ƙwaƙwalwa ya shiga aji tare da malamin doka, a kai ɗalibai gidan kaso da asibiti su ga mutanen da nassin ke magana a kansu. A koya musu yadda ake rubuta buƙatar a tura mutum magani, da yadda ake neman likita ya duba wanda ke tsare kafin a ɗauki bayaninsa. In masu roƙo suka yawaita a kotuna, dole a fara maganar inda za a kai mutanen, a Damagaram da Maradi da Tawa, ba a Yamai kaɗai ba.

Auta yau alhamdu lillahi ya daɗe bai sha ba, ya yi ƙiba, yana ɗinka jakunkuna da takalma, har ya yi farmin tuƙin mota. Sai dai hukuncin bai gama da shi ba. Kwanakin baya wata ƙungiya ta nemi direba, ya cika duk sharuɗɗa, aka ce ya kawo kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wadda ba ta wuce wata uku da fitowa ba. Da ya karɓo, ɗaurin nan yana rubuce a ciki. Bai ma kai takardun ba. Doka ta tanadi hanyar da wanda ya gama hukuncinsa, ya biya tara, ya zauna lafiya na wani lokaci, zai nemi kotu ta wanke masa suna, kuma ita muke bi yanzu. Mai unguwa ya ba mu shaidar zama, baduku ya rubuta tasa, likita ma ya ba da wasiƙa. Rasiɗin biyan tarar ne ya rage, Inna ta ce yana cikin akwatin Baba, in ta nemo shi zan kai takardun ofishin mai gabatar da ƙara.